Wasiƙar Kurtu a Kan Taswirar Janar

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana buga ɗaya daga cikin wasannin da ke kwaikwayon manyan yaƙe-yaƙen tarihi ya san irin kallon da ake yi wa duniya a cikinsu. Taswira ce shimfiɗe, a kanta 'yan alamomi masu kusurwa huɗu, kowace alama tana tsaye a madadin mutum dubu goma ko fiye, ɗan wasa kuma yana jan su daga wannan kogi zuwa wancan tsauni kamar mai tura 'ya'yan dara. Idan aka gwabza, sai wata lamba ta sauya a gefen allo, shi ke nan an gama da batun waɗanda suka faɗi. A wasa irin Hearts of Iron IV, wanda kamfanin Paradox ya fitar a 2016, mutum na iya rasa sojoji rabin miliyan kafin ya gyara zama, kuma abin da zai dame shi kawai shi ne ko masana'antunsa za su iya maye gurbin bindigogin da suka salwanta.

Saboda wannan sanyin jini ne wasu masu tsara wasanni da masu buga su suke ganin ya kamata a riƙa saka ƙagaggun wasiƙu a ciki, wato takardun da ake nuna kamar wani soja ne ya rubuta wa matarsa, ko wata uwa ta aika wa ɗanta, ko wani hafsa ya aika wa na sama da shi, domin ɗan wasa ya nutse cikin zamanin, ya tuna cewa a ƙarƙashin kowace alama akwai mutane masu suna da dangi. Ina goyon bayan wannan shawara, amma goyon bayana yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi shawarar kanta nauyi a wurina. Wasiƙar da za a ƙaga dole ta ɗauki dukkan ƙuncin da wasiƙar yaƙi ta gaskiya take ɗauka, ta makara a hanya, ta bi ta hannun mai tacewa, ta ɓoye abin da marubucinta ba ya so ko ba ya iya faɗa, sannan a bayyana wa mai karatu cewa ƙage ce. In ba a yi haka ba, gara a bar taswirar da shirunta.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa rubutacciyar takarda baƙuwa ce a wannan fage, alhali ta riga kwamfuta shiga da fiye da shekara ɗari. A 1824 wani matashin hafsan igwa na ƙasar Prussia mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsa wasan da ya gyara daga na mahaifinsa, wanda ake kira Kriegsspiel. Ana buga shi a kan taswirar ƙasa ta gaske, da 'yan tubalai ja da shuɗi, amma 'yan wasan ba su da ikon taɓa tubalan yadda suka ga dama. Sai dai su rubuta umarni a takarda su miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma ya lissafa tsawon lokacin da manzo zai ɗauka kafin ya kai saƙon, ya matsa da rundunar gwargwadon abin da aka rubuta, sannan ya mayar da rahoton abin da mutanen wannan ɓangare suka iya gani kawai. Wannan jinkiri da wannan duhun kai su ne darasin da wasan yake koyarwa. Wasannin kwamfuta ne suka zo suka ba ɗan wasa idon da ke ganin ko'ina da muryar da ake ji nan take, abin da babu janar ɗin da ya taɓa samu.

Tarihi cike yake da yaƙe-yaƙen da 'yar takarda ta juya. A ranar 25 ga Oktoba 1854, a Balaclava, lokacin Yaƙin Crimea, kwamandan sojojin Birtaniya Lord Raglan yana tsaye a kan tudu ya aika da gajeren umarni cewa mahaya dawaki su hanzarta su hana abokan gaba kwashe igwogi. Waɗanda ke cikin kwari ba sa hango igwogin da yake nufi, sai suka fuskanci waɗanda suke iya gani, mahaya kusan 670 suka kutsa cikin bakin wuta, sama da ɗari suka mutu, shi kansa manzon da ya kai takardar yana cikin na farko da suka faɗi. A Satumbar 1862 kuma, lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin Arewa suka tsinci kwafin umarnin Janar Lee, jagoran rundunar Kudu, naɗe da sigari uku a wani fili, kwana huɗu kafin gumurzun Antietam. Wasan da ya saka irin waɗannan takardu na umarni da rahoto, masu makara da ɓata da harshen damo, ya ƙara kusantar gaskiya ne, kuma ban ga mai jayayya da hakan ba. Inda magana take da wuya shi ne wasiƙar gida.

Yana da kyau a fara sanin girman abin. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gidan wayar sojojin Birtaniya yana kai wasiƙu kimanin miliyan 12 kowane mako zuwa bakin daga a Faransa da Beljiyam, ana rarraba su a wani katafaren gini na katako da aka kafa a Regent's Park cikin Landan, kuma wasiƙa takan isa ramin da soja yake fake cikin kwana biyu ko uku. A ɓangaren Jamus an ƙiyasta abin da ya bi ta gidan wayar soja tsakanin 1914 da 1918 ya haura biliyan 28. Ba a taɓa samun lokacin da talakawa suka yi rubutu da yawa haka ba kafin wannan yaƙi. Saboda haka wasan da ya ce yana kwaikwayon wannan zamani, ya lissafa harsashi da gawayi da takalma amma ya manta da buhun wasiƙu, ya bar wani babban yanki na rayuwar rundunar a waje.

Sai dai me ke cikin waɗannan wasiƙu? A nan ne nake ganin yawancin masu ƙaga suke tuntuɓe. A rundunar Birtaniya, ƙananan hafsoshi ne ke karanta wasiƙun kuratan da ke ƙarƙashinsu kafin a rufe ambulan, suna soke sunan gari da lambar bataliya da duk abin da zai nuna yawan waɗanda aka kashe. Ke nan kurtu yana rubuta wa matarsa ne yana sane da cewa laftanan ɗin da zai ba shi umarni gobe da safe zai karanta kowace kalma. A 1915 aka fito da koren ambulan, wanda soja zai sa hannu a jikinsa ya rantse cewa maganar iyali ce kawai a ciki, domin ta tsallake idon hafsansa, ko da yake ana iya buɗe ta a can baya, kuma ba kullum ake samun irin wannan ambulan ba. Akwai kuma wani kati da aka riga aka buga jimloli a jikinsa: ina lafiya, an kwantar da ni a asibiti, na samu wasiƙarka, ban samu wasiƙa daga gare ka ba tun da daɗewa. Soja zai soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya sa hannu da kwanan wata, kuma an gargaɗe shi a jikin katin cewa in ya ƙara kalma ɗaya za a yaga shi. Bayan ranar 1 ga Yuli 1916, ranar da Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 a bakin kogin Somme a Faransa, 19,240 daga cikinsu matattu, iyalai da yawa abin da suka fara samu daga waɗanda suka tsira shi ne irin wannan kati mai layi ɗaya da ba a soke ba. Ban san wata ƙagaggiyar wasiƙa mai shafi uku da za ta kai wannan layi ɗaya nauyi ba.

Bayan tacewar hukuma akwai wadda mutum ke yi wa kansa, kuma ita ta fi ƙarfi. Wanda ya kwana cikin taɓo kusa da gawar abokinsa ba ya ɗaukar alƙalami ya zayyana wa mahaifiyarsa haka. Yakan tambayi lafiyar ƙannensa, ya roƙi a aiko masa da safa da taba, ya yi ƙorafin ƙwarƙwata da ruwan sama, ya tambaya ko an biya kuɗin haya, ya rufe da cewa kada a damu. Wasiƙun da hafsoshi ke rubuta wa iyalan mamata ma kusan bakinsu ɗaya, cewa ya mutu nan take bai sha wuya ba, ko da kuwa ba haka aka yi ba. Mai karanta irin waɗannan takardu da yawa yakan gane cewa labarin yana cikin abin da aka tsallake, kamar yadda ake gane damuwar mutum daga yawan cewa da yake yi babu komai.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na sojojin Indiya da Birtaniya ta kai Faransa tun daga 1914. Da yawansu ba su iya rubutu ba, sai su zauna gaban wani magatakarda a cikin rundunar su faɗa masa ya rubuta, can gida kuma wani ya karanta wa iyali a bainar jama'a. An kafa ofishi na musamman a Boulogne domin tace wasiƙunsu, su kuwa da suka gane ana karantawa sai suka koma magana da zaurance. Baƙin barkono yana nufin sojan Indiya, jan barkono yana nufin Bature, don haka in mutum ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa baƙin barkonon da aka kawo ya kusa ƙarewa, saƙon shi ne ana kashe mu, kada ka shiga soja. Abin mamakin shi ne yawancin abin da ya rage na muryarsu a yau guntaye ne da mai tacewar ya fassara zuwa Turanci domin rahotonsa, waɗanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya. Murya ɗaya ta bi ta bakin mai faɗa, da hannun magatakarda, da almakashin mai tacewa, da alƙalamin mai fassara, kafin ta iso gare mu. Wane marubucin wasa ne zai iya ƙago abin da ya fi wannan jan hankali? Kuma ga shi abu ne da ake iya mayarwa wasa kai tsaye, a miƙa wa ɗan wasa takarda a bar shi ya gano da kansa me barkono yake nufi.

Idan aka ajiye waɗannan kusa da irin wasiƙar da aka saba gani a wasanni, bambancin yana bayyana. Ƙagaggen soja yakan zama mai fasahar harshe, mai hangen nesa, wanda ya san sunan yaƙin da yake ciki tun kafin masana tarihi su raɗa masa suna, ya san gobe zai mutu, ya kuma yi tsokaci kan rashin amfanin yaƙi da kalmomin da suka fi kama da na mutumin zamaninmu. An shafa wa labarin shuni har ya rasa kamanninsa. Irin wannan wasiƙa tana sa ɗan wasa ya ji wani ɗan taushi a zuciya na minti ɗaya, ya danna maɓalli, ya ci gaba da tura alamominsa, yana jin ya biya hakkin matattu. Ni a ganina wannan ya fi shirun taswira muni, domin taswira ba ta yi da'awar ta nuna maka mutum ba.

Akwai wani abin da ya faru a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ya kamata duk mai niyyar ƙaga wasiƙar yaƙi ya yi nazarinsa. Jami'an leƙen asirin Birtaniya sun ɗauki gawar wani mutum suka sa mata kakin manjo, suka ɗaura mata jaka mai ɗauke da wasiƙun manyan janarori na bogi da ke nuna cewa za a kai hari Girka da Sardiniya, sannan jirgin ruwa mai nutso ya sake ta kusa da gaɓar Huelva a Sifen a ƙarshen Afrilu. Domin a yarda cewa mutumin na gaske ne, sai suka cika aljihunsa da tarkace: wasiƙun soyayya daga budurwar da ba ta wanzu ba, da hotonta, da rasidin zoben alkawari, da wasiƙar uba mai faɗa, da takardar banki mai tunatar da shi bashin da ake binsa, da guntayen tikitin gidan wasa. Jamusawa suka haɗiye, suka karkatar da wani ƙarfi zuwa Girka, a watan Yuli kuma sojojin ƙawance suka sauka a Sisili, inda suke nufi tun farko. Darasi biyu nake ɗauka daga nan. Na farko, abin da ke sa a gaskata ƙagaggen mutum shi ne takardar bashi da rasidi, ƙananan abubuwa marasa armashi, fiye da kalmomi masu daɗi. Na biyu, ƙagaggiyar wasiƙa da aka ƙware wajen shirya ta tana yaudarar hatta waɗanda aikinsu shi ne gano yaudara.

Darasi na biyun shi ne dalilin da ya sa nake nacewa a kan a yi wa kowace ƙagaggiyar wasiƙa alama. A 1950 an buga wani ƙaramin littafi a Jamus ta Yamma mai ɗauke da wasiƙu 39 da aka ce su ne na ƙarshe da sojojin Jamus suka rubuta daga birnin Stalingrad na Tarayyar Sobiyet kafin a murƙushe su. An fassara shi zuwa harsuna da dama, mutane suka yi ta kuka a kansa shekaru masu yawa, daga baya kuma masana tarihi da yawa suka nuna shakku mai ƙarfi, saboda salon wasiƙun ya yi kama da na hannu ɗaya, kuma ya fi na sojan da ke daskarewa cikin yunwa gogewa. Wannan ya faru ne a zamanin takarda da tawada. A yau hoton allo ɗaya ya isa, domin da zarar wani ya ɗauki hoton wasiƙar da aka zana da tsohuwar takarda da tambarin gidan waya ya saka a intanet, ta rabu da wasan da ya haife ta, ta shiga yawo a matsayin shaida, wani ɗalibi ma ya kafa hujja da ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an cuci mutane da yawa.

Za a ce mini alamar tana kashe armashin nutsewa, wanda shi ne dalilin saka wasiƙar tun farko. Ban yarda ba. Mai karanta ƙagaggen labari ya san ƙage ne tun daga bango, kuma hakan bai hana shi zubar da hawaye ba. Wasan Valiant Hearts na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2014 lokacin cika shekara ɗari da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya samo tushensa daga wasiƙun zamanin, ya ƙagi mutanensa, ya kuma rufe da wasiƙar wani uba ga 'yarsa wadda ta girgiza waɗanda suka buga shi, amma ya ware bayanan tarihi a shafuka daban, ta yadda ɗan wasa ya san inda labari ya tsaya da inda tarihi ya fara. Ƙaramin rubutu a gindin takarda, a cikin hoton kanta yadda ba za a iya yanke shi cikin sauƙi ba, mai cewa an ƙagi wannan ne bisa wasiƙun wancan lokaci, bai fi ƙarfin kowane mai tsara wasa ba. Abin da ban yarda da shi sam ba shi ne a sa ƙagaggun kalmomi a bakin mutumin da ya rayu da gaske, a sa hannunsa a ƙasa.

Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan zurfi, wanda ya shafi wa ake ba murya. Wasannin dabarun Yaƙin Duniya na Biyu suna ba mutum damar jagorantar Jamus, kuma galibinsu suna kau da kai daga kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa da sauran fararen hula a bayan dagar. Ana iya muhawara kan ko hakan daidai ne a wasan da ba ya nuna kowa sai alamomi. Amma da zarar aka saka wasiƙar wani saurayi Bajamushe yana kukan sanyin Rasha yana kewar mahaifiyarsa, lissafin ya sauya, domin yanzu an ba ɓangare ɗaya fuska da hawaye, an bar mutanen ƙauyen da rundunarsa ta ƙona ba ko suna. Wannan shi ne ainihin tatsuniyar da aka daɗe ana yaɗawa bayan 1945, cewa sojan Jamus na yau da kullum hannunsa tsarkakke ne, tatsuniyar da wani baje koli da aka buɗe a Hamburg a 1995 ya rusa ta da hotuna da takardun sojojin kansu. Wasiƙun gaskiya na wancan fage suna ɗauke da duka biyun, wani lokaci a shafi ɗaya, inda mutum zai gode wa matarsa saboda safar da ta saƙa masa, a layi na gaba kuma ya ambaci harbe fararen hula kamar yana ba da labarin yanayin sama. Marubucin da ba shi da ƙarfin halin rubuta wannan layi na biyu bai cancanci rubuta na farkon ba.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ba su bar takarda ko ɗaya ba, kuma a nan ne ƙage yake da haƙƙi mafi ƙarfi. A yaƙin da aka yi a Gabashin Afirka tsakanin 1914 da 1918, an kwashi ɗaruruwan dubban mutane aikin dako, suka ɗauki abinci da harsashi a ka ta cikin daji, dubun-dubatarsu suka mutu da cuta da yunwa. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel ta amince a wani rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a wurin tunawa ba, kuma adadin na iya kai 350,000. Wasan da ya dogara da takardun da suka tsira kawai zai maimaita wannan mantuwa, ya cika da muryar hafsoshi masu ilimin boko. Sai dai gyaran bai kamata ya zama a ɗora wa ɗan dako alƙalamin da bai taɓa riƙewa ba. A nuna saƙon baka da ya ba wani mai komawa gida, ko 'yan kalmomin da wani akawu ya rubuta masa ya taƙaita yadda ya ga dama, ko ma layi ɗaya a littafin hafsa mai cewa an rasa masu dako goma sha biyu yau, ba tare da suna ba. Yadda muryar ta ɓace shi ma tarihi ne.

Na san akwai tsofaffin masu buga irin waɗannan wasanni da ke ganin duk wannan shirme ne. A wurinsu wasan kwaikwayon yaƙi aikin ƙwaƙwalwa ne, lissafin man fetur da layin dogo da nisan igwa, kuma wanda ke son kuka ya je ya nemi fim. Ina girmama wannan ra'ayi fiye da yadda nake girmama wasiƙun hawaye, amma ina ganin sun manta cewa wasiƙa kanta kayan yaƙi ce da janarori suka yi wa lissafi. A 1942 Amurka ta fara ɗaukar hoton wasiƙun soja a kan siririn fim, a kai fim ɗin ta jirgin sama, a sake buga shi a can, saboda wasiƙu 150,000 da za su cika buhu 37 suna komawa buhu ɗaya, sauran wurin kuma a loda kayan faɗa. A farkon 1945, da wasiƙu suka taru jibgi a rumbunan Birmingham a Ingila ba a raba ba, aka tura bataliya ta 6888 ta sojojin Amurka, mata baƙaƙen fata 855 ƙarƙashin Manjo Charity Adams, aka ba su wata shida, suka share abu kimanin miliyan 17 cikin wata uku. Tarayyar Sobiyet, duk da ƙarancin takarda, ta bar sojojinta suna naɗe wasiƙa mai kusurwa uku ba ambulan ba kan sarki, ana kai ta kyauta. Babu gwamnatin da ke cikin yaƙin mutuwa ko rayuwa da za ta ɓata jirgi da ma'aikata a kan abin ado. Sun yi ne domin sun san rundunar da ta yi wata biyu ba labarin gida ƙwarin gwiwarta yana zubewa. Tun 1996 wasan Close Combat ya nuna cewa ana iya lissafa tsoro da gajiyar kowane soja, har ya ƙi bin umarnin da ya ga na halaka ne, don haka saka buhun wasiƙu cikin abin da ke ɗaga ko karya wannan ƙwarin gwiwa bai saɓa wa tsantsar lissafin da tsofaffin masu buga wasan suke ƙauna ba.

Game da manhajojin zamani da ke iya zubo da rubutu ba iyaka, waɗanda wasu ke ganin za su ba kowane soja a taswira wasiƙarsa, magana ɗaya ce tawa. Wasiƙa dubu goma masu kama da juna za su koma lamba kamar wadda ke gefen allo, ɗan wasa ya daina buɗe su bayan ta biyar. A farkon wasan Battlefield 1 na 2016, duk lokacin da sojan da kake riƙe da shi ya faɗi, sunansa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa kawai ake nunawa, kuma waɗanda suka buga shi suna tuna wannan har yau. Wasiƙa ashirin da mutum ya zauna ya rubuta bayan ya karanta ɗaruruwan na gaskiya sun wadatar da yaƙi guda.

Da ni ne ke tsara irin wannan wasa, da ba zan ajiye wasiƙun a wani lungu da ake buɗewa don nishaɗi ba. Da zan ɗaure su da hukuncin da ɗan wasa ya yanke. Zan bi mutum biyar ko shida kawai a cikin dukkan rundunar, kowanne da mai rubuto masa daga gida, in sa takardunsu su riƙa isowa a makare gwargwadon yadda ɗan wasa ya kula da hanyoyin sufurinsa, ta yadda matar da ke tambayar ko mijinta ya samu safar da ta aiko tana magana ne da mutumin makonni uku da suka wuce. Wani lokaci zan zaunar da ɗan wasa a kujerar laftanan mai tacewa, in ba shi baƙin alƙalami, ya zaɓa tsakanin barin layin da ke faɗin gaskiyar abin da harinsa na jiya ya jawo, wanda zai rage masu shiga soja a garin marubucin, da soke shi. Idan ya yanke shawarar sadaukar da wata bataliya domin ya tsare wata gada, wasan ba zai tsaya ya yi masa wa'azi ba, lambar da ke gefen allo za ta sauya kamar kullum, ya ci gaba da harkarsa. Sai bayan zagaye biyu ko uku motar gidan waya ta iso da buhun wannan bataliya, a samu babu mai karɓa, sajan ya tambaye shi me za a rubuta a bayan kowace ambulan kafin a mayar da ita ga wanda ya aiko.